Tudun da Malam Ya Yi Azahar a Kai

Tun ina makarantar 'yan mata a Kano na yanke wa kaina cewa duk wata muhimmiyar magana tsakanin mace da namiji a kan tudu ake yin ta. Ba laifina ba ne. Ƙananan littattafan soyayyar nan da ake bazawa a kan tabarma a kasuwar Sabon Gari su suka koya mini. Na Turanci ne, sirara, takardarsu kamar ta ƙunshin ƙosai. Ina sayo su ranar fita in cusa a ƙarƙashin katifa. Ba a taɓa rasa tudu a cikinsu ba. Saurayi zai ja budurwa su hau, iska tana kaɗa mata ɗankwali, ya durƙusa ya amayar da duk abin da ke ransa. Na karanta har na haddace, na kuma sa a raina cewa nawa tudun yana nan yana jirana.

Sai Allah ya haɗa ni da mutumin da magana ke yi wa wuya. Abokin yayana ne, injiniyan masaƙa a Kaduna, dogo mai tabarau. Ni na gan shi na ce ina so, ni kuma na yi ta kai musu ruwa zaure ko ba su nema ba, har ya gane. Ina kiransa Malam. Shi kuma tun ranar da ya tsinci ɗaya daga cikin littattafan nan a akwatin aurena, da hoton wata mai kambi a bangonsa, ya laƙaba mini Gimbiya. Iyakar soyayyar bakinsa ke nan. Sauran a hannunsa take: ya gyara, ya ɗauko, ya kawo.

Zamanin kuɗin mai ne, naira tana sabuwa fil, gwamnati tana kwasar mutane tana turawa karatu waje kamar ana rabon goro. Aka tura Malam Landan ƙaro ilimi a kan injinan saƙa, ya tafi da ni. Muka kama hayar flat, ɗan sashen gida a saman bene, a unguwar Plumstead, da wani ɗan kicin da in ka miƙa hannuwa za ka taɓa bango da bango. Cefane a kasuwar Woolwich, in marmarin kuɓewa da attaruhu ya motsa kuma mu hau bas har Peckham. Baƙunta ba ta dame ni sosai ba. Ina da kaskon turaren wutana da na taho da shi daga Kano naɗe cikin zani, ina kuma da Hajiya, matar wani likita ɗan Katsina da suka daɗe a Woolwich, wadda ta ɗauke ni 'ya.

A can na haifi ɗana na fari, lokacin da ganye ke zuba. Aka sa masa sunan mahaifin Malam. Kunya ta zama biyu ke nan. Ɗan fari ne, wanda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa wasa a gaban mutane, ga shi mai sunan surukina. In Hajiya ta zo yi mini wankan jego a bahon Turawa, sai in ce mata, "Wancan ya tashi," ko "Yaron nan ya ƙi barci." Ta ce haka ake so, an ga 'yar gidan mutunci. Sai ya rage daga ni sai shi nake cusa hancina a wuyansa. Ko a nan ban kira sunan ba. Gani nake akwai lokaci.

Bai cika wata biyu ba sanyi ya kama masa ƙirji. Aka kwantar da shi a asibiti, Allah ya karɓi abinsa.

Maza suka taru, ɗalibai da ma'aikata, suka tafi da shi a mota ana yayyafi. Na bi su da ido ta taga. Da na buɗe baki zan yi kuka sai Hajiya ta dafa mini kafaɗa.

"Ke 'yar nan, kama kanki. Ɗan fari ne. Ga mutane."

Na kama kaina. Na karɓi gaisuwa ido a bushe, har matan suna yaba haƙurina.

Da aka kwana biyu na tambayi Malam muna karyawa.

"Malam, ina aka kai shi?"

"Can bayan gari ne. Akwai ɓangaren Musulmi."

"Ina so in ga wurin."

Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya mayar. "Gimbiya, mata ba sa zuwa maƙabarta. Kin sani."

Na sani. Uwata ba ta taɓa ganin kabarin uwarta ba. Amma uwata tana kwana tana tashi a garin da uwarta take kwance, iskar da ta bi ta kan kabarin ita take shigo mata tsakar gida. Ni kuwa karatun Malam zai ƙare in zafi ya shigo, mu tattara mu koma Kaduna, mu bar yaron shi kaɗai a ƙasar da ba shi da kowa. In ban ga wurin kafin mu tafi ba, shi ke nan har abada. Na sake ɗaga maganar, na sake samun gogar tabarau. Na kai ƙara wurin Hajiya, ita kuma ta ce, "Kada ki jawo wa mijinki magana. Mu nawa ne a garin nan? Kafin ki dawo daga can an ji a Kano."

Ana nan sai kamfanin Japan da zai sayar wa masaƙarsu Malam sababbin injina ya aiko masa da kalandar sabuwar shekara. Ya buga ƙusa a kicin ya rataye ta. Kowane shafi da hotonsa, wani dutse mai ƙanƙara a kai, wani gada ja a kan ruwa. Ina buɗawa sai na ci karo da shi: tudu kore shar, zagaye sumul kamar malmalar tuwo, da matakala tana hawa ta gefe, a samansa kuma bishiyoyi sun yi fure fari mai ratsin ja. Akwai rubutu a ƙasa, amma nasu ne, babu mai iya karantawa a cikinmu. Watan shafin bai kama ba, amma na bar kalandar a buɗe a nan. Malam yakan mayar da ita daidai, ni kuma in ya fita in sake juyawa.

Ina wanke-wanke ina kallon tudun nan duk tsawon sanyi. A raina na hau shi ba adadi. Na kuma tabbatar wa kaina abu ɗaya: da zan samu in hau da Malam irin wannan wuri, fure yana zuba a kanmu, in roƙe shi abin da nake roƙo, ba zai iya cewa a'a ba. A kicin ne da falo yake iya cewa a'a. Ban taɓa karanta littafin da aka hana mace abu a kan tudu ba.

Wata ranar Alhamis ya dawo da yamma, ya tsaya a ƙofar kicin da kwat ɗinsa a jiƙe.

"An ce in je Osaka, can Japan, in duba injinan kafin a ɗora su a jirgin ruwa. Na yi mana booking mu biyu."

"Mu biyu?"

"Kin rame. Canjin iska zai yi miki amfani."

Ya wuce ɗaki. Ni kuwa na goge hannu, na yage shafin nan a hankali, na ninke shi na sa a jakata.

Tafiyar doguwa ce, har jirgi ya yada zango a wani wuri da babu komai sai ƙanƙara. Hajiya ta haɗa mana guzurin dambun nama a babban gwangwani, ta ce kada mu kuskura mu ci naman da ba mu san wanda ya yanka ba. Shi ya riƙe mu. Malam yana yini a masana'anta, ni ina otel ina barbaɗa dambu a kan farar shinkafarsu mai danƙo, ina leƙen titi. Kamfanin ya haɗa mu da wani dattijo daga ofishinsu, gajere mai furfura da malafa, yana jin Turanci daidai gwargwado. Shi ne mai rakiyarmu. Ko ƙofa zai buɗe sai ya rusuna.

Da aikin ya ƙare aka ba mu yini guda na yawo. Dattijon ya lissafo mana tsohuwar fada, da manyan kantuna inda baƙi ke sayen rediyo da agogo. Malam ya fara karkata ga kantunan. Na buɗe jaka na fito da shafina na shimfiɗa a kan tebur.

"Nan nake so."

Malam ya dubi takardar ya dube ni. "Ashe ke kika yage mini kalanda."

Dattijon ya ɗauka ya kai kusa da ido. Ya dube ni da kyau, ya rusuna fiye da yadda ya saba, ya ce bai taɓa rakiyar baƙon da ya nemi zuwa wannan wuri ba. Muka ɗauka ladabinsu ne na kullum.

Jirgin ƙasa muka hau, daga nan tasi. Wurin makeken fili ne na tarihi, an kewaye shi, an share hanyoyi an zuba tsakuwa. Kusa da ƙofa akwai wani ɗan gini da dattijon ya ce an ajiye kayan tarihi a ciki, ya nuna mu fara da shi. Na ce a'a, in mun sauko. Na riga na hango abina ta bayan bishiyoyi, sak yadda yake a kicin ɗina, har ya fi. Ba shi kaɗai ba ne ma. Ga ƙananan tuddai nan birjik a cikin ciyawa, shi ne babbansu.

Malam ya tsaya ya riƙe ƙugu yana nazari. "Wannan ginin hannu ne, Gimbiya. Dubi yadda aka daidaita gangaren. Ga kuma rami an haƙa ya zagaye shi. Irin ganuwar Kano ce, wurin hangen abokan gaba."

"Kalli tukwane an jera a gefen matakala."

"Na shuka ne."

Tunda injiniya ya yi bayani, ba wanda ya tambayi dattijon. Shi kuma ya ja baya yana bin mu daga nesa, don a zatonsa mun san inda muka zo. Ni da nake 'yar Kano, da na san da fasassun tukwane ake rufe mamaci kafin a tura ƙasa, ya kamata tukwanen nan su tsaya mini a rai. Amma kabari a wurinmu tsawon mutum ne, tudunsa bai wuce gwiwa ba, damina biyu ta baje shi. Ba a yi masa matakala. Ba a kai 'yan makaranta su hau kansa da huluna masu ruwan ƙwai. Ko a mafarki ba za mu haɗa wannan da wancan ba.

Muka hau. Ina gaba, na tattare zanina, Malam yana baya da gwangwanin dambu da darduma a hammata. A saman fili ne mai faɗi, ana hango gonakin shinkafa da rufin gidaje har iyakar gani. Iska ta ɗaga mini gyale. Furen nan yana zuba a hankali, ɗaya ya sauka a kan hular Malam ya zauna. Wallahi duk abin da littattafan Sabon Gari suka yi mini alkawari sai da na gan shi a wurin nan. Na shimfiɗa zani a gindin bishiya, muka zauna muka ci dunƙulen shinkafa da dambu. Malam har dariya ya yi, wadda rabona da jin ta tun kafin rasuwar.

Na gyara zama. Maganar da na yi wata da watanni ina shiryawa a bakin famfo ta taho har harshena.

"Malam."

"Na'am." Sai ya duba agogo. "Af, azahar ta yi. Riƙe maganar, Gimbiya, ina da alwala."

Ya ciro ɗan kamfas ɗin da ke maƙale da makullansa, ya juya ya juya, ya fuskanci mafaɗar rana, don a can alƙibla ta yamma take. Ya shimfiɗa darduma a tsakiyar tudun, daidai ƙololuwa, inda ƙasa ta fi lafewa. Ni ina fashin salla, sai na zauna ina kallo. Ya ta da kabbara.

Sai wurin ya yi tsit. Malamar wasu 'yan makaranta da ke kan tudun ta sa yatsa a baki, yaran suka nutsu. Wata tsohuwa da ke kusa ta haɗa tafin hannuwanta ta sunkuyar da kai. Dattijonmu ya cire malafa ya riƙe a ƙirji. Na ji daɗi ƙwarai, na ce a raina mutanen nan akwai girmama addinin baƙo.

Da Malam ya sallame ya shafa addu'a, dattijon ya matso a hankali, idonsa har ya kawo ruwa. Ya rusuna ya ce yana godiya. Ya ce mutumin da ke kwance a ƙarƙashin nan ya haura shekara dubu, kuma ba ya jin an taɓa samun wanda ya taso daga nesa haka ya sa goshi a ƙasa ya yi masa addu'a.

Malam ya ce, "Wane mutum?"

Dattijon ya nuna dardumar da hannu biyu. Ya ce wani babban sarki ne na zamanin da. Tudun gaba ɗaya kabarinsa ne. Ƙananan na ƙasa kuma na mutanensa ne.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!" Malam ya yi tsalle ya bar kan dardumar kamar ya taka garwashi, ya sauka a kan ciyawa, ya tuna ita ma kabarin ce, ya rasa inda zai sa ƙafa. "Gimbiya, tashi! Kabari ne! A kan kabari muke zaune! A kan kabari na yi salla!"

"Har dambu muka ci."

"Ki bar maganar dambu, ki tashi!"

Ya suri darduma, ya suri gwangwani, ya nufi matakala yana sanɗa a kan yatsun ƙafa, wai don ya rage wa mamacin nauyi. Mutum mai tsawon Malam yana sanɗa da gwangwani a hannu, fure a kan hula. Dattijon ya bi shi yana tambaya ko wani abu ya ɓata masa rai, Malam yana cewa babu komai, babu komai, yana ƙara sauri. Na naɗe zanina na biyo su a nutse. Ban yi dariya ba, amma da ƙyar.

Bai tsaya ba sai da ya fita ƙofar filin gaba ɗaya. A can wajen da motoci ke tsayawa ya tambayi dattijon ko akwai wanda aka binne a nan ma. Da aka tabbatar masa babu, ya shimfiɗa darduma a kan tsakuwa zai rama sallarsa.

Tudun ya tafi da maganata ke nan. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa, ya koma kamar na kalanda. Sai na lura da ɗaya daga cikin ƙananan, kusa da hanya, yana da baki a gefe, an tokare shi da manyan duwatsu. Mata biyu suka sunkuya suka shiga, suka fito suna hira. Na tambayi dattijon. Ya ce ɗakin da aka kwantar da mamacin ne, an daɗe da kwashe abin da ke ciki, kowa yana iya shiga.

Na waiwayi Malam. Ya ba ni baya, yana tsaye a raka'ar farko. Na cire takalmina na riƙe a hannu, na sunkuya na shiga.

Siririyar hanya ce, sannan ɗaki da mutum zai iya miƙewa a ciki. Duwatsu ne aka ɗora wani kan wani, babban falale guda ya rufe sama. Akwai sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na gindin randa. Ba komai a ciki. Na tsaya ina jiran abin da aka ce yana samun mace in ta shiga irin wannan wuri, ko jiri, ko ihu, ko ficewar hankali. Ba abin da ya zo. Zuciyata ce ma ta kwanta, irin kwanciyar da ba ta yi ba tun ranar da na bi motar nan da ido. Na dafa dutsen da tafin hannuna.

Daga bakin ƙofa na tambayi dattijon sunan mai babban tudun. Ya ce ba wanda ya sani. An tara masa ƙasa har ta zama dutse, amma sunan ya ɓace.

Na fito na sa takalmina. Malam ya idar, yana zaune a kan wani benci kusa da kwandon shara, ya haɗa kai da gwiwa. Babu fure a wurin, babu iska, sai wata motar 'yan makaranta da ke ta hayaƙi. Na zauna kusa da shi.

"Daga ina kike?"

"Daga cikin kabari."

Ya ɗago a firgice. "Gimbiya!"

"Dube ni da kyau, Malam. Ga ni. Na yi ihu? Na faɗi? Na yaga zani?"

Hannunsa ya tafi ga tabarau. Na riƙe hannun, a bainar jama'a, abin da ban taɓa yi ba.

"Bar su a fuskarka. Ka ɗauko ni daga Landan, ka ratsa duniya da ni, ka kawo ni kabarin mutumin da ko sunansa ba a sani ba. Ka zaunar da ni a kansa na ci na ƙoshi. Na ɗana kuwa, da ke bayan garin da muke zaune, ka ce mata ba sa zuwa."

"Ai wannan kuskure ne. Allah ya ga ban sani ba."

"To in mun koma ka ƙara yin wani kuskuren."

Motar yaran ta tashi ta tafi. Sannan ya fara magana yana kallon tsakuwa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ba irin namu ba ne. A akwati suka ce sai an sa shi, dokar wurin ke nan. Ramin kuma da ruwa a ciki, ƙasar taɓo ce mai sanyi. Ni na sauka na ajiye shi. Da na fito ba na jin yatsuna." Ya murza yatsunsa. "Ni ma ban koma ba. Ba na so ki ga inda na bar miki shi."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da Malam ya taɓa yi mini tun aurenmu. Bai durƙusa ba, kuma a gindin tudu aka yi ta, ba a kansa ba.

Na ce, "Abin da nake gani in na rufe ido ya fi wannan muni. Gara in ga na gaskiyar. Kuma ba kai ka bar shi ba, Mai shi ne ya karɓa."

"Hajiya fa? Mutane fa?"

"Mutanen da za su ji a kan me ka yi azahar yau?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Gimbiya, barazana ce?"

"Tambaya ce."

Sai ga dariya ta ƙwace masa, hawaye yana bin ta. Dattijonmu, da ya tsaya can nesa yana juya malafa, ya ga haka ya saki ajiyar zuciya ya rusuna mana, mu ma muka rusuna masa daga zaune.

Asabar ta farko bayan komawarmu Landan muka tafi. Ban sanar da Hajiya ba sai daga baya, ta yi faɗanta ta gama, ta kuma tambaye ni yadda wurin yake. Kafin mu fita na ɗauki kaskon turarena na buga shi a kan dandamalin ƙofa ya rabe. Na zaɓi babban ɓarin na naɗe a gyale. Malam ya gani, ya riƙe mini ƙofa.

Jirgin ƙasa ne daga Plumstead, sai tube, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai wani jirgin, sai bas. Rana ta fito ranar. Maƙabartar tana da faɗi, cike da fararen duwatsu da gumaka na Turawa. Malam yana gaba yana tafiya a hankali, har muka kai ƙarshe wajen shinge inda ɓangaren Musulmi yake. Ya yi wa mazauna wurin sallama, na maimaita bayansa. Ya ɗan yi dube-dube, sannan ya tsaya.

Ɗan tudu ne da bai kai tsawon hannuna ba. Ya fara lafewa ta gefe ɗaya. Taɓon da Malam yake tsoro ya bushe, ciyawa ta fito a kai sabuwa, har da wasu ƙananan furanni farare da ba wanda ya shuka. Wani tsuntsu mai jan ƙirji yana tsalle a kan shinge.

Na durƙusa a gefe, na kula kada gwiwata ta taɓa tudun. Na kwance gyale na kafa ɓarin kaskon ta wajen kai, na danna shi sosai ya zauna. Har a lokacin yana ƙanshin turaren ɗakina. Malam ya tsuguna yana gyara gefen da ya lafe da tafin hannunsa, yana tara ƙasa yana daddaɓewa, kamar yadda yake yi wa duk abin da ya lalace a gida.

Na duba hagu na duba dama. Babu Hajiya, babu 'yan gaisuwa, babu suruki. Daga ni sai uban yaron.

Na kira sunansa. Bakina bai saba ba, ya fito a karkace. Na sake kira, ya fito daidai. Malam ya tsayar da hannu a kan ƙasa, bai ɗago ba.

"Ƙara faɗa, Gimbiya," ya ce.

Na ƙara.